Lahadin da Gwaggo Noreen Ta Kawo Makaɗinta

Gwaggo Noreen Tasker ƙanwar mahaifina ce. An haife ta a wani lungu da ke bayan Hessle Road a Hull, a gida mai ɗaki biyu sama biyu ƙasa, su bakwai a ciki. Kakana a jirgin kamun kifi yake aiki, mako uku a teku, kwana uku a gida, saboda haka mata ne ke riƙe da unguwar, kuma Noreen ta tashi ba ta san ana jiran namiji ya yanke magana ba. Tana shekara goma sha biyar ta bar makaranta ranar Juma'a, ranar Litinin ta ɗaure kai ta shiga kamfanin gyaran kifi. Shekara talatin da ɗaya ta yi a tsaye bakin tebur ɗaya, ƙafa cikin takalmin roba, hannu cikin ruwan ƙanƙara, injuna na ruri a bisa kanta tun safe har a tashi. Ƙarar ta kai matan wurin suka koyi karanta leɓɓan juna, sai ka ga mace a wannan ƙarshen ɗakin tana ba wata labarin mijinta a wancan ƙarshen, ba wanda ya ji komai, amma kowa ya sani.

A shekarar 1969, tana da goma sha takwas, wani saurayi mai suna Rodney ya kai ta kallon kiɗa a wani zaure da ke saman shagon kujeru. Mai kaɗa jitar wani siririn yaro ne ɗan Sunderland, Vic Haldane, gashi har kafaɗa, jitarsa duk fenti ya ɓare. Kiɗan blues yake yi, irin mai tafiya a hankali kamar mutum ya ɗauko kaya mai nauyi, in ya ga dama kuma ya juya shi ya koma rock har tagogi su riƙa rawa. Waƙa uku aka yi Rodney ya ce kansa na ciwo, su fita su sayi kifi da dankali. Noreen ta ce ya je ya saya musu, ya ci nasa ya ci nata. Ya fita, kuma daga ranar ba ta sake sanin inda ya nufa ba. Ita dai ta matsa gaba, ta tsaya gefen hagu na dandamali, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ba ta motsa ba har aka tashi.

Na taɓa tambayar ta abin da ta ji ranar. Ba ta son irin wannan tambaya. Sai da ta gama wanke kofunan da ke gabanta sannan ta ce, "Kamar mutum ya zauna yana gaya miki gaskiya, bai damu ko za ki ji haushi ba. To ni ban taɓa jin namiji ya yi haka ba."

Wanda ta aura, Clive, direban babbar mota ne, mai son shiru da kiwon tattabaru. Bai taɓa gane abin da take ji a wannan kiɗa ba, bai kuma taɓa hana ta ba. Duk inda Vic zai yi wasa, Leeds ne ko Sheffield ko Newcastle, Clive zai kai ta, ya zauna a mota da jarida da fulas ɗin shayi. Ran da sanyi ya matsa masa sai ya shiga zauren da auduga a kunne, ya sami lungu ya yi gyangyaɗi. Vic ya yi suna, ya tafi Amurka, ana nuna shi a talabijin. Daga baya giya ta kayar da shi, aka daina jin ɗuriyarsa, sannan ya bar sha ya dawo yana zaga ƙananan zauruka da tsohuwar mota. Duk wannan hawa da sauka bai shafi Noreen ba. Sau arba'in da uku ta gan shi, kuma kowane karo a gefen hagu take tsayawa, hannu a harɗe. Ba ta taɓa bin layin masu neman ya sa musu hannu a faifai ba, ba ta taɓa ce masa ko sannu ba. A cewarta, shi aikinsa ya kaɗa, ita aikinta ta saurara, ba ta ga abin da zai haɗa su hira ba.

Da kamfanin kifi ya rufe ta koma dafa abinci a wata makarantar firamare har ta yi ritaya. Clive ya rasu tana da sittin da ɗaya, ta raba tattabarunsa ga abokansa, ta ci gaba da zama a gidan ita kaɗai. A lokacin ne muka lura in ka yi mata magana daga baya ba ta juyowa. Ta daɗe tana ɓoye mana, don in tana kallon bakinka ba abin da ke wuce ta. Ni na matsa har muka je asibiti. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama kuma yana bin sa, sirara-siraran sauti ne ke fara ɓacewa. Ta tambaye shi kwana nawa ya rage wa kunnen. Ya ce ba zai iya yanke rana ba, amma shekara ɗaya ko biyu, ko da na'urar da za su saka mata.

Muka hau mota har muka kusa gida. Sannan ta ce, "Janine, duba mini a wayarki, ina Vic zai yi wasa bana."

Na tsaya a gefen titi na duba. Babu ko ɗaya. Shekara uku ke nan da ya yi shanyewar ɓarin jiki, ya ajiye wasa, yana zaune wurin 'yarsa Lorna a wani ƙauye kusa da Durham. Na gaya mata a hankali, ina tsammanin za ta yi kuka. Sai ta gyara jakarta a cinya ta ce to, tunda ba ya fita, sai dai mu kawo shi.

A unguwarmu akwai kulob ɗin tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa, inda ake bikin aure da zaman makoki, da wasan lambobi ranar Laraba. Shugaban kwamitin Stan Bielby ne, ajinsu ɗaya da Noreen tun firamare, kuma tun lokacin suke faɗa. Ta same shi yana lissafa kujeru ta ce tana son zauren ranar wata Lahadi da rana, Vic Haldane zai zo. Stan ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce mutumin da ya cika zauruka a Amurka ne zai zo nan, inda rufi ke yoyo a kan teburin shayi? Ya ce ko da lafiyarsa ma ba zai yiwu ba.

"Stan," in ji ta, "tun muna aji uku kake cewa abu ba zai yiwu ba, har da wanke wuyanka. Ka ba ni ranar kawai."

Ya ba ta Lahadi ta biyu a watan Oktoba, don ya tabbata ba abin da zai faru.

Wasiƙa uku ta rubuta wa Lorna da hannunta. Biyu ba amsa, ta ukun aka dawo da godiya da ba da haƙuri cikin ladabi, amma a saman takardar akwai lambar waya. Gwaggo ba ta jin waya sosai, sai ta kira ni gidanta wata safiyar Asabar, muka ajiye wayar a teburin kicin, na ƙure murya, duk abin da ya wuce ta in maimaita mata tana kallon bakina.

Lorna mace ce mai kirki, kuma ta gaji. Ta ce yatsu biyu na hannun hagun babanta ba sa jin magana, ba ya iya daɗewa a tsaye, da yamma ta yi kuma ƙarfinsa ya ƙare. Ta ce yana ɗaukar jitar kullum da safe, amma sai ya rufe ƙofa, don ba ya son kowa ya ga abin da ya rage masa. Gwaggo ta ce duk ta ji. Ta ce wasan ƙarfe uku na rana ne, akwai kujera mai hannu, kuma waɗanda za su zo ɗin ma rabinsu da sanda za su shigo, ba mai halin yi wa wani dariya. Lorna ta soma ba da haƙuri karo na biyu, sai muka ji motsi, wata murya mai kauri ta karɓi wayar.

"Wace ce wannan mai taurin kan?"

"Noreen Tasker, daga Hull. Kunnena zai mutu nan da shekara guda, ina so in ji ka kafin nan."

Ya gyara murya. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, wanda kike nema ba ya nan. Ba na iya gudu a kan tsirkiya yanzu."

"Gudun nan ai a Amurka ka koyo shi don ka burge su. Ni ban taɓa son sa ba."

Dariya ta kama shi har ta zama tari, muna jin Lorna tana cewa ya sha ruwa. Da ya dawo ya tambaye ta, to in ya hau ya kasa fa?

"Sai mu sha shayi, mu ci kek, ka koma gida. Ba wanda zai mutu."

Ya ce minti arba'in, ba ƙari. Ya kafa sharaɗi biyu: kada a liƙa sanarwa ko'ina, kada kuma kowa ya ɗaga waya ya ɗauke shi. Gwaggo ta ce duk wanda ya ɗaga waya a zaurenta, a cikin tukunyar shayi zai tsince ta.

Ba a liƙa komai ba, amma cikin kwana huɗu kujeru ɗari da tamanin suka ƙare. Ta gaya wa matan kamfanin kifi, su kuma ba a taɓa gaya musu abu ya kwana ba. Stan, da ya ga abin da gaske ne, sai ya koma yana ba mutane labari a mashaya cewa shi ya fara kawo shawarar. Gwaggo ta bar shi ya faɗa, amma ta sa shi da mutanensa suka hau rufi suka toshe yoyon, suka yi wa matakalar dandamali abin dafawa.

Ranar ta zo da yayyafi. Tun ƙarfe biyu zaure ya cika da furfura, da rigunan fata waɗanda maɓallansu suka daina haɗuwa tun shekara ashirin. Mutanen da rabon da su ga juna tun rufe kamfani suna ta rungume-rungume, ana tambayar wa ya mutu, wa likita ya canza wa ƙashin ƙugu. Gwaggo kuwa tana bayan teburin shayi da rigar girki, tana yi wa wata faɗa a kan yankan kek, kamar ba ita ta tara mutanen ba.

Motarsu ta tsaya ta ƙofar baya. Lorna ta shigo da jitar, sai tsofaffi biyu, mai ganga da mai babbar jita mai kaurin murya, abokan wasansa na da. Vic ne na ƙarshe, da sanda, ya rame, gashin ya koma fari amma yana nan har kafaɗa. Na je na janyo Gwaggo, suka haɗu a siririn lungun da ke tsakanin kicin da dandamali. Ya miƙa mata hannu, sai ya tsaya yana kallon ta.

"Ke ce," in ji shi. "Ta gefen hagu. Lorna, ga matar da nake ba ki labari. Shekara arba'in tana tsaye tana harara ta, ko sau ɗaya ba ta yi murmushi ba. Na ɗauka tsanata take yi, har na riƙa tunanin ko na taɓa yi wa 'yar'uwarta wani abu."

Gwaggo ta gyara ɗaurin rigar girkinta. Fuskarta ta yi ja. Can ta ce saurare take yi, ba a saurare ana washe baki, kuma ya wuce ya zauna kafin shayinsa ya huce.

Ƙarfe uku daidai ya hau. Aka tashi tsaye ana tafi, waɗanda suka iya tashi, ya ɗaga hannu ya ce a zauna kafin wani ya faɗi. Ya zauna a kujerar, ya ɗora jitar a cinya, mai ganga ya ƙirga, suka shiga wata waƙarsa da kowa ya sani. Farkon ya tafi daidai. Da aka zo inda jita za ta yi magana ita kaɗai, yatsun suka ƙi. Ya danna tsirkiya ta yi wani ɗan guntun kuka ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya.

Na ga Lorna a gefen labule ta rufe baki da hannu. Vic yana kallon hannunsa kamar na wani. Sai daga can baya wata tsohuwa, ɗaya daga cikin matan kamfani, ta ce da muryar da ta saba ƙetare injuna, "Kada ka yi sauri, masoyi, bas ɗinmu sai biyar da rabi."

Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Ya goge ido da bayan hannu ya ce wa Lorna ta miƙo masa kwalbar. Ta ciro wani guntun wuyan kwalba daga aljihu, an goge bakinsa ya yi sumul, ya zura shi a ɗaya daga cikin yatsun da suka ƙi aiki. Ya ce a ɗaki kaɗai yake wannan, bai taɓa yi a gaban mutane ba, in ya yi muni a yi haƙuri. Ya ce wa mai ganga ya rage gudu, ya ƙara ragewa.

Ya ɗora gilashin a kan tsirkiyoyin ya ja shi sama a hankali. Ni ba masoyiyar blues ba ce, rakiya na zo, amma sai da tsikar jikina ta tashi. Sautin ba ya tsalle daga wuri zuwa wuri, zamewa yake yi, ya hau ya tsaya yana rawa kamar muryar mai riƙe kuka, sannan ya gangaro. Vic ya rera layi ɗaya da muryarsa da ta dushe, jitar ta ba shi amsa, ya sake rerawa, ta sake amsawa, wannan karon da tsawo. Inda a da zai zuba sauti ashirin, yanzu uku yake sawa, ya bar sarari a tsakani, kuma a cikin sararin ba ka jin ko ƙarar cokali a kofi.

Gwaggo tana inda ta saba, gefen hagu, a tsaye. Na'urar kunnenta ta fara fito saboda lasifika, sai ta cire ta ta jefa a aljihun rigar girki, ta ƙara matsawa har kafaɗarta na taɓa akwatin lasifikar, ta juya kunnen dama. Stan ya ɗauko kujera ya kai mata, ta kore shi da hannu ba ta ko dube shi ba.

Minti arba'in suka wuce ba wanda ya duba agogo sai Lorna. Ta yi masa alama, ya yi kamar bai gani ba. Ya juya ya ce wa abokansa wani abu, mai ganga ya yi murmushi ya doka da ƙarfi, suka faɗa wata tsohuwar waƙar rock da aka yi ta rawa da ita lokacin da duk mutanen zauren ke da ƙugu. Matan kamfani suka miƙe. Wata ta jingine keken tafiyarta a bango ta kama kafaɗar ƙawarta. Kujeru suka koma gefe, ƙasa na girgiza, Vic na zaune yana buga ƙafa ɗaya, gumi ya jiƙa masa riga, yana dariya kamar yaron da ya tsere daga makaranta. Sa'a ɗaya da minti ashirin ya yi. Da ya gama, sai da mutum biyu suka kama shi ya sauko, amma ya ƙi a kai shi mota, ya ce sai ya ci kifin Hull tukuna.

A kicin ya ci shi, a cikin takarda, da dankali da ruwan tsami, Gwaggo na tsaye a kansa. Ya tambaye ta yaya ta ji. Ta ce waƙa ta uku ta yi tsawo, sauran ba laifi. Ya ce wa Lorna ta rubuta wannan, shi ne yabo mafi girma da ya samu a bana.

Da kowa ya watse muna tattara kofuna, na tsaya a gabanta yadda za ta ga bakina, na tambaye ta ko ta ji shi da gaske.

"Siririn sautin na sama ya wuce ni," in ji ta. "Amma mai kaurin na ƙasa na ji shi duka, kuma can yake ajiye maganar tun da. Miƙo mini wancan tiren."

Vic bai koma zagaye irin na da ba. Amma kafin bazara ya yi wasan Lahadi da rana sau huɗu a garuruwan arewa, a zaune, da kwalbarsa, kuma har yanzu yakan yi biyu ko uku a shekara in jikin ya yarda. Duk Kirsimeti katinsa na zuwa gidan Gwaggo, ita kuma ta aika masa da nata, layi biyu ba ƙari.

Kunnen dama ya kai ta shekara biyu da rabi, ya fi abin da likita ya ce. Yanzu tana da saba'in da uku, sai an rubuta mata ko a tsaya gabanta. Hakan bai zaunar da ita ba. Bayan wasan Vic mutane suka dame ta da tambayar wa za ta kawo kuma, sai ta mayar da abin na kowace Lahadin farkon wata. Tana farauto tsofaffin makaɗan da aka manta da su, wani yana gyaran famfo, wata tana rainon jikoki, ta rubuta musu wasiƙa har sai sun gaji sun yarda. Ba ta jin abin da suke kaɗawa, fuskokin mutanen zaure take kallo ta san ko za ta sake gayyatar su. Aka sa ta a kwamitin kulob, mace ta farko tun da aka kafa shi. A bana Stan ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ya sauka daga shugabanci. Mutum biyu suka nuna sha'awar kujerar, ɗayan ya janye da ya ji da wa zai kara. Gwaggo ta hau kujerar. A zamanta na farko ta canza ganyen shayin da ake saye, ta kuma hana ajiye motoci a bakin ƙofar masu keken guragu.